Waƙar da ta yi wa rediyo kuka da muryar na'ura

Kowace ranar 13 ga Fabrairu ake bikin Ranar Rediyo ta Duniya, wadda hukumar UNESCO ta ware tun 2011. Jawaban kusan iri ɗaya ne: rediyo abokin talaka ne, wayar hannu za ta kashe shi, a tashi a cece shi. Wannan kukan ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan wasu makaɗa huɗu a Ingila suka yi shi cikin waƙa, kuma labarin waƙar ya fi jawaban namu amfani.

Ƙungiyar ita ce Queen, masu kiɗan rok, wato kiɗan jita mai ƙara da ganga mai nauyi. A farkon tashensu, cikin shekarun 1970, har alfahari suke yi a jikin kwalin faifansu, suna rubuta cewa babu fiyanon lantarki a ciki. Duk wani sauti mai ban mamaki da ka ji, daga jitar Brian May ya fito ko daga maƙogwaronsu. Sai a 1980, a faifan The Game, suka fara taɓa na'urar. A 1982 suka yi zurfi da Hot Space, magoya bayansu da yawa suka ja baya, musamman a Amurka. Kowa ya zaci daga nan za su koma gidan jiya.

A 1983 suna Los Angeles suna aikin sabon faifai, The Works. Mai gangarsu, Roger Taylor, ya ji ɗansa ƙarami, wanda mahaifiyarsa Bafaranshiya ce, ya kushe abin da rediyo ke watsawa da kalmar "kaka". Mu da muka yi makarantar Faransanci ba sai an fassara mana ba. Ba kakar da ta haifi uwa yaron ke nufi ba, kashi yake nufi. Daga nan sunan waƙar ya samo asali, aka sassauta shi ya koma Radio Ga Ga.

To ga abin mamaki. Mutumin da ganga ce sana'arsa bai zauna kan gangarsa ya tsara waƙar ba. Ɗaki ya shiga da fiyanon lantarki da na'urar da ke buga ganga da kanta. Wani makaɗi ɗan Kanada, Fred Mandel, ya tsara amon nan na ƙasa da ke gudana tun daga farko har ƙarshe, a kan na'urar Roland Jupiter-8. Mawaƙinsu Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, ya hango kasuwa a ciki, ya karɓe ta ya gyara mata fasali. Abin da ya fito shi ne salon da ake kira sintifof, kiɗan da na'ura ke ɗauke da shi, jita kuwa sai can baya-baya. Ranar 23 ga Janairu 1984 aka sake ta a Ingila.

Me waƙar ke cewa? Mai ita yana tuna ƙuruciyarsa ne, lokacin da rediyo ke zama masa abokin hira da dare, yana kawo masa labarin yaƙi da wasan kwaikwayo da sababbin waƙoƙi. Yanzu kuwa mutane sun koma kallon kiɗa maimakon sauraronsa, shi kuma rediyon ya zama surutun da ke tashi a ɗaki ba mai kula shi. A lokacin tashar talabijin ta MTV, mai nuna bidiyon waƙoƙi dare da rana, tana da shekara biyu da ɗoriya da buɗewa a Amurka.

Sai Queen suka yi wa waƙar tasu bidiyo, mai tsada kuwa. David Mallet ya shirya shi, aka saka wasu sassa na tsohon fim ɗin Jamus, Metropolis, na 1927, aka tara ɗaruruwan magoya baya suna ɗaga hannu suna tafi biyu-biyu a tare. Wasu masu sharhi a Ingila suka ce abin ya yi kama da gangamin 'yan Nazi. Wasu suka yi dariya, wai ga masu kukan bidiyo ya danne rediyo suna tallar kukan da bidiyo, su da bidiyonsu na Bohemian Rhapsody na 1975 ke cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofar tun farko.

Kasuwa ba ta saurari masu sharhi ba. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a ƙasashe da dama, ciki har da Holan, Beljiyam, Ireland da Sweden. A Amurka ta tsaya a na 16. A gida Ingila ta maƙale a na biyu, kuma wadda ta tare mata hanya ita ce Relax ta ƙungiyar Frankie Goes to Hollywood, waƙar da BBC ta hana sakawa a rediyonta saboda batsa. Wato wadda rediyo ya kora ce ta kayar da wadda ke yi wa rediyo kirari.

Hukuncin gaskiya ya zo ranar 13 ga Yuli 1985 a filin Wembley, wurin taron Live Aid na tara kuɗi saboda yunwar Habasha. Mutum kusan 72,000 suka ɗaga hannu suna tafin nan daidai yadda suka gani a bidiyo, ba wanda ya tsaya koya musu. A talabijin suka koyi tafin waƙar rediyo. (Ba wanke Queen muke yi ba fa. Wata tara kafin nan sun je sun yi wasa a Sun City ta Afirka ta Kudu, ana tsakiyar ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata, abin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka su a jerin masu karya takunkumi.)

Abin da ya shafe mu a nan shi ne inda Taylor ya ɗora laifi. Da na'ura yake ƙi, da bai yi waƙar da ita ba. Abin da ake zubawa cikin rediyon ne ya dame shi, kamar yadda ya dami ɗansa. Mu kuma da Hausa ba ita ce harshen ofis ko na aji ba a ƙasar nan, rediyo na cikin 'yan wuraren da harshenmu ke fitowa fili. Mun daɗe muna jingina da tashoshin waje, tun da BBC ta fara Hausa a 1957. Amma wannan jingina ba ta da tabbas. A Janairun 2023 BBC ta rufe rediyonta na Larabci bayan shekara 85, a Maris na 2025 kuma Muryar Amurka ta yi tsit saboda umarnin da aka sa wa hannu a Washington. Ba wanda ya nemi shawarar mai sauraro a Garwa ko Yawunde.

Saura ɗan lokacin da tashoshin FM na gida ke ba Hausa. Kunna ka ji yadda ake cinye yawancinsa: gaisuwa ga Alhaji wane da Hajiya wance, tallar maganin da ke warkar da kowace cuta, waƙa, sai a sake komawa gaisuwa. In matasa sun gudu zuwa TikTok sai a ce waya ce ta lalata su. Ai a cikin wayar akwai rediyon, kunnawa ne ba sa yi. Ga iyaye da yawa ba su san yadda ake yi wa yaro takardar haihuwa ba sai jarrabawar ƙarshen firamare ta ƙarato, ga farashin hatsi da na dabbobi, ga ranakun rigakafi, ga dokokin da ake zartarwa da Faransanci da Turanci ba mai warware su da Hausa. Minti goma sha biyar a kowane shiri ya isa a ɗauki ɗaya daga ciki a yi masa filla-filla. In an gama a yanke wannan ɓangaren a tura shi ta WhatsApp da Facebook, don wanda yana kasuwa ko kan babur lokacin da aka watsa ya ji da dare.