Kafin mu roƙi sashen lantarki a jami'a, wa zai zauna a ajin?

A ranin da ya wuce, injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana na wani ƙanena ya tsaya cak a garkarsa ta albasa, can kwarin Tamaske. Faifan sola lafiya lau, rijiya da ruwanta, amma ɗan akwatin da ke daidaita wutar ya ƙi. Mai gyara ya buɗe, ya duba, ya ce sai dai a sayo sabo daga Kwanni. Kwana tara ana jira, albasa tana ƙonewa. Daga baya wani ɗalibi da ya zo hutu ya ɗauki tsohon akwatin ya auna, ya tarar ƙwaya ɗaya ce ta lalace, ba ta ma fi ƙwayar wake girma ba.

Ilimin wannan ƙwayar ne jami'o'i ke ware wa sashe guda, wanda ke haɗa kimiyyar fizik da fasahar lantarki. Tushensa silikon ne, sinadarin da ake tacewa daga yashi. Ba ya sakin wuta ta wuce kamar jan ƙarfe, ba ya kuma tare ta kamar roba. Idan aka saka masa ɗigon fosforos a gefe ɗaya, boron a ɗaya gefen, wuta sai ta riƙa bi ta hanya ɗaya tak. Daga wannan dabara aka ƙera tiransisto a Amurka a 1947, aka ƙera ƙwayar sola ta silikon a 1954. Salula, rediyo, kwamfuta da faifan da ke kan rufin asibitin ƙauye duk jikokinsu ne.

Karatun yana da tsani. A tsarin jami'o'inmu, lisans shekara 3 ne, masta 2, dakta 3. Ɗalibi yakan fara da lissafi, fizik da ilimin sinadarai, ya wuce zuwa wutar lantarki da maganaɗisu, sannan ya shiga halayen silikon da yadda ake harhaɗa da'ira, rabin lokacinsa a ɗakin gwaji.

Me ya shafe mu, mutanen Keita, Buza da Madawa? Ƙarfin da aka rubuta a bayan faifan sola, a zafin digiri 25 aka auna shi. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, faifan silikon yana rasa kusan kashi 0,4 cikin ɗari na ƙarfinsa. A bazarar Adar, faifan da ke shan rana yana iya haura digiri 60, ya zubar da kusan kashi 15. Ƙurar hunturu ta rufe fuskarsa, zafi ya rage wa batir kwana. Wanda zai binciki waɗannan matsaloli ya samo musu magani mai arha, shi ne wanda ya tashi cikinsu.

Kuma muna da gado. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik ne da ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun 1969, lokacin da ƙasashe da yawa ba su waiwayi rana ba. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa. A 2018 aka buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza, cikin jiharmu. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, kowa ya ga abin da dogaro da wani ke haifarwa.

Shi ya sa nake tare da masu son a buɗe irin wannan sashe a jami'ar Tawa. Tun kafa ta a 2010, ta fi suna a shari'a da tattalin arziki, kuma yaron da ke son fizik ko injiniyan lantarki yakan nufi Maraɗi ko Yamai, abin da ba kowane uba ke iya ɗaukar nauyinsa ba. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In an gina sashen gobe, an zuba na'urori, wa zai zauna a ajin? Duk malamin lise ya san yadda ajin A ke cika maƙil, ajin C kuwa, inda ma akwai shi, a ƙirga ɗalibansa da yatsu. Yaranmu suna gudun lissafi tun kafin birbe, domin fizik da suka sani allo ne da alli da hadda.

Malamai, mu fara gyara daga nan. Ba sai an jira ɗakin gwaji daga gwamnati ba. Batirin tocila, guntun waya, ƙwan fitila, mataccen caja daga rumfar mai gyaran salula da ma'aunin wuta guda ɗaya sun isa yaro ya ga dokar Ohm da idonsa. A fitar da ƙaramin faifan sola rana, a auna, a barbaɗa masa ƙasa, a sake aunawa. Gani ya kori ji. In bayani ya cije da Faransanci, a warware shi da Hausa. Abdou Moumouni da kansa, a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya goyi bayan koyarwa da harsunanmu.

Iyaye, na san abin da za ku ce: yaro ya koyi gyaran salula a kasuwa cikin ƴan watanni, ya fara kawo cefane, ko ya tafi biɗa Abijan ko Libiya. Gaskiya ne, kuma sana'ar gyara abar girmamawa ce. Sai dai mai canza kaya yana tsayawa inda kayan suka ƙare, wanda ya san dalili kuwa yana wucewa gaba. In malami ya ce ɗanku yana da kan lissafi, ku bar shi ya shiga ajin kimiyya, ku rage masa aikin dare, ku samar masa fitila. Haka ma ɗiya mace. Tun da Firojen Keita ya fara a 1984, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka farfaɗo da ƙasarmu da su. Jikokinsu ba za su kasa riƙe ma'aunin wuta ba.

Mu ci gaba da neman sashen daga hukuma. Kafin ya zo, kowace kwaleji a Keita, Buza da Madawa ta haɗa akwatin gwaji ɗaya a bana, ƙungiyar iyayen yara ta biya, malamin fizik ya riƙe makulli.