Kafin Injin Niƙa, Mu Ta da Tsohon Keke

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, kowace ƙungiya kuma ta soma zaman shawara a kan ɗan kuɗin da ke cikin asusu. Mun san yadda irin wannan zama yake tafiya. Wani ya ce a sayi injin niƙa, wani ya ce injin ban ruwa, samari kuwa su ce babur. Dukansu abubuwa ne masu amfani. Amma shawararmu ga ƙungiyoyin ƙasar Dutsi da na kewaye, musamman waɗanda ba su taɓa riƙon kayan tarayya ba, ita ce aikinsu na fari ya zama gyaran tsohon keke guda ɗaya.

Kada ku yi dariya tukuna, ku ji dalili. Tun ran 29 ga Mayu 1999 ba a yi ranar rantsar da shugaba da talaka ya ji a aljihunsa kamar ta 2023 ba, sa'anda Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu, a 2024 kuma ya haura naira dubu a wurare da yawa. Kuɗin babur daga ƙauye zuwa Dutsi ko Shargalle ya tashi, balle zuwa Daura, Mashi ko kasuwar Mai'adua. Manomin da ya kai tiya goma ta wake kasuwa yakan bar wani kaso na ribarsa a hanya. Alhali a zauruka da bayan ɗakunanmu akwai kekuna a jingine, kaji suna kwana a kansu.

Waɗannan kekuna ba na raini ba ne. Raleigh, wanda asalinsa daga birnin Nottingham na Ingila yake, har masana'anta ya yi a Kano, kuma da shi iyayenmu suka yi fatauci. Phoenix na ƙasar Sin ya biyo sawunsa. Ƙirarsu ɗaya ce: ƙarfe mai kauri, taya inci 28, birkin ƙarfe, ba giya. Wata ƙungiyar agaji mai suna World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keke domin ƙauyukan Afirka, kusan wannan ƙira ta koma, ta sa masa kariya mai ɗaukar kilo 100. Da tsohuwar zuma ake magani.

Babban dalilinmu kuwa ya wuce zancen fetur. Injin niƙa ba ƙarfe kaɗai yake bukata ba. Yana bukatar mai kula, da littafin shiga da fita, da kuɗin gyara a ajiye, da mutanen da za su iya tambayar juna lissafi ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Ƙungiyar da ba ta koyi waɗannan ba, in ta fara da babban abu, ran da ya lalace kuɗi ya tafi, yarda ta tafi, har gaisuwa ta yi wuya. Keke makaranta ce mai araha. In an yi kuskure a kansa hasarar kaɗan ce, darasin kuwa ɗaya ne da na inji.

To, yaya za a yi? A zaɓi samari biyu ko uku, a haɗa su da mai gyaran keke na gari, a biya shi ladan koyarwa. Da fari a duba ƙashin keken, watau firam. In akwai tsagewa a mahaɗar ƙarfe, ko ƙafar gaba ta lanƙwashe baya saboda karo, a bar shi a nemi wani. Tsatsar sama ba komai ba ce, samfefa za ta ɗauke ta.

Sa'an nan a kwance shi a kan buhu, a jera kayan bi da bi yadda aka cire su, a wanke da kananzir. Boris a zuba a gwangwanin madara a ƙirga. A yawancin kekunan nan akwai 11 a kowane gefen gindin feda, 9 a kowane gefen ƙafar baya, 10 ƙanana a kowane gefen ƙafar gaba. Wanda ya yi rami ko ya fashe a sake shi, a cika giris. Ku tuna fedar hagu a juye take kwancewa. Samari da yawa sun lalata zare domin ba wanda ya gaya musu. Haka kuma Raleigh ɗan Ingila zarensa ya fi na sauran ƙanƙanta, 26 a inci maimakon 24, saboda haka abin da ya ƙi shiga da hannu kada a tilasta shi da sifana. Kaca kuwa a auna ta: haɗi 12 cikakku inci 12 ne. In ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta ƙare, za ta ci haƙora.

Kuɗin fari ya tafi ga boris, birki, taya da wayoyin ƙafa. A nan ne muka saba da samarinmu. Su fenti suke so, da madubi huɗu, da furanni, da robar naɗe firam. Ado ba laifi ba ne, amma keken da ya sha ado ba shi da birki, gawa ce da lalle. Canjin da muke so a yi masa na aiki ne, kuma guda uku ne.

Na ɗaya, ƙasarmu ta yashi ce. A cire firiwil mai haƙora 18 a sa mai 20 ko 22, a ƙara wa kaca haɗi. Gudu zai ragu, amma tuƙi zai yi sauƙi da kaya. Na biyu, ƙayar tsidau da ta aduwa ba su bar tif lafiya. A yanka tsohon tif a shimfiɗa cikin taya kafin a sa sabo, faci zai ragu ƙwarai. Na uku, a kai wa mai walda ya ƙera kariya mai faɗi da ƙafafu masu ƙarfi, a ɗaure ta da noti. Kada a yi mata walda a jikin firam, gama wuta takan raunana bututun. Buhun taki mai kilo 50 zai hau lafiya. Buhun gero cikakke kuwa a raba shi sawu biyu. Bayan wannan sai ƙararrawa, da fitila, da jan abin ƙyalli a baya saboda motocin dare. Fenti shi ne na ƙarshe.

Akwai masu cewa keke ba ya tafiya a cikin yashi mai zurfi. Gaskiya ne, wani wuri dole a sauka a tura. Amma wanda ya tura keke da jarka biyu ta ruwa ya fi wanda ya ɗauki ɗaya a ka, wuyansa kuma yana hutawa. Akwai masu jin kunya, su ce hawan keke komawa baya ne. Mu a ganinmu cin bashi domin hawan babur shi ne komawa baya. Ba mu ce keke zai kai mai naƙuda asibiti ba. Wannan aikin mota ne. Amma zai kai saƙo, ya ɗauko iri da magani, ya kai niƙa, ya kai yaro makaranta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

In an gama gyara, saura riƙo. A naɗa mutum ɗaya mai kula. A sayi littafi a rubuta kowane kwabo da aka kashe, da sunan duk wanda ya ɗauki keken, da lokacin da ya dawo da shi. Kowa ya biya ɗan kuɗin haya, har shugaban ƙungiya, a ajiye domin taya da faci. Mata ma su sami ranakunsu, ko da yaransu za su aika. Kowane mako a goge kaca a ɗiga mai kaɗan, gama mai da yawa ƙura yake tarawa, musamman da hunturu. Bayan wata uku a karanta littafin a gaban taro.

In lissafi ya fita daidai, keke kuma yana kan ƙafarsa, to ƙungiya ta sami samari masu sana'a a hannu, ta kuma san wanda za ta iya ba amana. A ranar sai a buɗe zancen injin niƙa. In kuwa littafin ya rikice, gara an gane tun a kan keke.

Ku kai wannan magana zamanku na gaba, ku kuma rubuto mana yadda kuka yi. Allah ya kai mu damina lafiya.