Ɗan Aiken Tsakar Dare

Shekarun baya, lokacin da nake kula da sabar wata ƙaramar ma'aikata a Kano, ni ne na ƙarshen tashi kullum. Kowa ya watse, ni kuwa ina zaune a ɗan ɗakin nan mai sanyi ina kwafe foldar asusu da ta ma'aikata zuwa faifai na biyu, ina kallon alƙaluma suna jan ƙafa. Sau da yawa kiran Magariba a nan yake iske ni. Wata rana maigidana a wurin aiki, wanda ya daɗe da sanin Linux, ya leƙo ya ce, "Kai kuwa har yaushe za ka riƙa ɗebo ruwa da hannu alhali ga famfo?" Ya jawo kujera, muka rubuta layi goma sha biyu a bash, muka ba cron umarnin ya tashe su ƙarfe biyun dare. Ranar na yi sallah a masallacin unguwarmu.

Kayan da muka yi aiki da su duk tsofaffi ne. Shel ɗin Stephen Bourne ya fito a 1979 tare da Unix na Bell Labs, Brian Fox ya saki bash a 1989, Andrew Tridgell da Paul Mackerras kuma suka kawo rsync a 1996. Har yau su ne ke riƙe da dare a ɗakunan sabar duniya. Da na ɗanɗana daɗinsu sai na yi ta ƙari: rubutun da ke share tsofaffin fayilolin rahoto, wanda ke duba cikar faifai da df ya aiko mini saƙo in ya kai kashi 90, da wanda ke taɓa ƙofar intanet ɗinmu da ping, in ya ji shiru sau biyar ya mayar da mu kan layi na biyu. Na samu 'yan aike da ba sa barci, ba sa ƙorafi.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne ba sa tambaya kuma.

Wani dare aka ɗauke wuta, batiran inbata sun riga sun gaji, sabar ta mutu. Da mai gadi ya tayar da janareta ta farfaɗo, amma babban faifan bayanai bai hau mazauninsa ba. A Linux, in faifai bai hau ba, foldar da yake zama a kanta tana nan, sai dai wayam. Ƙarfe biyu na yi cron ya tashi ɗan aikena. A cikin umarnin rsync na sa --delete, wato a mayar da ajiyar ta zama daidai da asali, duk abin da babu a can a cire shi a nan. Ya duba asali ya ga babu komai, ya juya ya share ajiyar shekara uku tas, ya rubuta cewa aiki ya kammala lafiya.

Da safe mai kula da asusu ta tare ni tun a bakin ƙofa: "Malam, foldata fa babu komai a ciki." Na ɗora faifan da hannu, fayilolinta suka dawo, ta yi hamdala ta koma kujerarta. Ni kuwa da na leƙa faifai na biyu sai gwiwata ta yi sanyi. Albashin mutane, takardun haraji, rasitan shekaru, duk suna rataye a kan faifai guda da bai jima da shan ɗaukewar wuta ba. Awa huɗu na yi ina sake kwafewa, hannuna a kan akwatin sabar, kunnena a kan ƙarar faifan. Maigidana bai yi faɗa ba. Ya nuna mini umarnin mountpoint, layi ɗaya tak da ke tambaya ko faifai ya hau, in bai hau ba rubutun ya tsaya cak ya yi kururuwa.

Na daɗe ina ɗaukan wannan a matsayin kuskuren ɗan koyo a ƙasar da wuta ba ta zama. Abin da ya faru a Jami'ar Kyoto ta Japan ya sauya mini tunani. Tsakanin 14 da 16 ga Disamba 2021, babbar kwamfutar bincike ta jami'ar ta yi asarar kimanin terabait 77, fayiloli kusan miliyan 34 na rukunin masu bincike 14. Sanadin kuwa rubutun bash ne na ajiya, wanda aikinsa ya haɗa da share fayilolin rahoto da suka wuce kwana 10. Injiniyoyin Hewlett Packard Enterprise sun gyara sunayen wasu gurabe a cikinsa don ya fi sauƙin karantawa, suka ɗora sabon a kan tsohon alhali tsohon yana cikin gudu. Shi kuwa bash ba ya haddace rubutu gaba ɗaya kafin ya fara. Yana karantawa ne yana aikatawa. Sai ya tsinci sabbin layuka daga tsakiya, gurbin da ya kamata ya ɗauki sunan foldar rahoto ya zo fanko, umarnin find ya faɗa kan ainihin ma'ajiyar masu bincike. Kamfanin ya amsa laifin baki ɗaya, amma aikin rukuni huɗu bai dawo ba. Ina tunanin ɗalibin da ya yi shekaru yana tara lissafinsa a can.

Gurbi fanko ya taɓa cin masu amfani da manhajar wasanni ta Steam a Linux a farkon 2015, inda umarnin rm ya share duk abin da mai kwamfuta ya mallaka. Shi ya sa ba na fara rubutu yanzu sai da set -u a sama, don bash ya ƙi motsi in ya ci karo da gurbin da ba a ayyana ba. Kafin in bar kowane umarnin sharewa ya yi aiki, sai na sa echo a gabansa na karanta jerin abin da zai taɓa da idona. In zan sauya dokokin katangar tsaro daga nesa, sai na fara ajiye umarnin da zai mayar da tsofaffin bayan minti biyar, don kada in kulle kaina a waje. Kuma ba na taɓa rubutun da ke cikin gudu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shiru. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya share kimanin gigabait 300 na rumbun bayanai a kan sabar da ba ita ya nufa ba. Da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu biyar, babu wadda ta tsaya yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe tana faɗuwa saboda saɓanin sigar pg_dump, saƙonnin gargaɗin da cron ke aikawa kuma ana mayar da su tun kafin su isa ga kowa. Kwafin da wani ya ɗauka da hannu awa shida kafin nan ne ya cece su. Kowa ya ɗauka rashin labari alamar lafiya ce, kamar yadda ni ma na ɗauka.

Tun daga lokacin na juya tsarin. Rubutuna yana aiko saƙo ko ya yi nasara, tare da adadin fayiloli da girmansu, ranar da saƙon bai zo ba kuwa ita ce ranar bincike. Ajiyar ma ta zama ta kwana bakwai a jere, kuskuren dare ɗaya ba zai cinye na jiya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk Asabar ɗin farkon wata nakan ɗauko wata tsohuwar kwamfuta, in dawo da ajiyar a kanta daga tushe. Ran Litinin in kira mai asusu ta zaɓi fayil ɗaya da kanta, ta buɗe, ta duba alƙaluman ta ce su ne.