Masu Gida a Gidan Haya

A daren da Tottenham ta doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na gasar Europa, cikin watan Mayun 2025, ina zaune a wani gidan kallon ƙwallo a nan Maigatari. Bayan an tashi, an shafe kusan sa'a guda a ƙofar gidan ana tafka muhawara, kuma zurfin ilimin da aka baje ya ba ni mamaki. Wani ɗan acaɓa ya zayyano laifin iyalan Glazer da bashin da suka ɗora wa ƙungiyar tun da suka saye ta a 2005. Wani ya lissafo kociyoyin da aka ɗauka aka sallama tun bayan ritayar Alex Ferguson a 2013. Ba wanda ya ɗora wa alƙalin wasa laifi, ba kuma wanda ya ce asiri aka yi. Kowa ya yarda cewa ƙungiyar da ta ƙare kakar a mataki na 15, a ƙasan Brighton da Bournemouth da Brentford, daga ofis ta fara ruɓewa kafin ruɓar ta bayyana a fili.

Sai na jefa tambaya: to Kano Pillars fa? Nan take ilimin ya ƙafe. Aka ce alƙalai ne ke zaluntarmu, aka ce hukumar gasar ba ta ƙaunar Arewa, aka ce sa'a ce ta juya mana baya. Mutanen da suka iya bin diddigin bashin wani kamfani a Manchester sun kasa tambayar wane ne ke naɗa shugabannin ƙungiyar da ke tafiyar sa'o'i kaɗan daga nan. Wannan kawar da kai shi nake son in yi faɗa da shi, domin ciwon United da na Pillars danginsu ɗaya, kuma namu ya fi muni tunda da kuɗin jama'a ake jinyarsa.

Mai karatu ya tuna ko wace ce Pillars. An kafa ta a 1990, mallakar gwamnatin Jihar Kano. Ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin Zakarun Afirka a lokacin, bayan kunnen doki 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Babu ƙungiyar da ke cika fili a ƙasar nan kamar yadda "Sai Masu Gida" ke cika filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Samari daga Gumel da Sule Tankarkar kan haɗa kuɗin mota su tafi Kano kallo su dawo cikin dare.

Wannan ƙungiyar ce ta faɗa rukuni na biyu a 2022. A kakar ne aka farfasa motar Katsina United bayan wasa a Kano, hukumar gasar ta cire wa Pillars maki, ta ci ta tara, ta kuma kore ta daga filinta. Masu gida suka koma karɓar baƙi a gidan haya. Ta dawo babban rukuni a 2023, amma darasin bai zauna ba: a Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa, magoya baya suka kutsa fili suka far wa alƙalai, aka sake cire maki uku, aka sake rufe mata gida. Tun 2014 kofin gasar bai sake shigowa Kano ba. Abin da ta samu shi ne kofin ƙalubale na 2019, wanda ta ci Niger Tornadoes a bugun fenareti a Kaduna.

A daidai waɗannan shekarun, wata ƙungiya daga Ikenne, ƙaramin gari a Jihar Ogun wanda yawancinmu ba mu san shi da komai ba sai cewa mahaifar Obafemi Awolowo ce, tana hawa tsani a hankali. Remo Stars ta hau babban rukuni ta faɗo har sau biyu, a 2017 da 2019. Da ta dawo karo na uku sai ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, ta ɗauki kofi a 2025 ƙarƙashin koci Daniel Ogunmodede. Wanda ya dubi wannan jeri ya kira shi sa'a, to bai san ma'anar kalmar ba. Ƙungiyar tana da filinta na kanta, da makarantar horar da yara mai suna Beyond Limits, da mai gida guda, Kunle Soname, wanda bai canza ba a duk faɗuwa da tashin nan. Idan aka sayi ɗan wasan banza, aljihunsa ne ya yi ciwo. Idan aka sayar da yaro Turai, an san asusun da kuɗin ya shiga.

Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san bambancin mai sayen sa da kuɗinsa da wanda aka aiko da kuɗin wani. Na farko sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya sa a zagaya da san ya ga tafiyarsa. Na biyu abin da ke ransa shi ne la'adarsa. Manyan ƙungiyoyinmu na gwamnati 'yan aike ne ke yi musu ciniki. Sabuwar gwamnati takan rushe hukumar gudanarwa ta naɗa tata, sau da yawa a matsayin ladan wahalar siyasa. Shugaban da bai san ko zai kai baɗi ba, me zai sa ya kashe kuɗi a kan yaro ɗan shekara 14 wanda ba zai yi amfani ba sai bayan shekara biyar? Abin da yake bukata shi ne nasarar ranar Lahadi mai zuwa, wadda gwamna zai ji labarinta. Daga nan ake samun kwasar 'yan wasa rututu a farkon kowace kaka, da sallamar koci bayan wasanni kaɗan, da jiran ma'aikatar kuɗi ta saki abin da za a biya albashi. Daga nan kuma aƙidar "a gida dole a ci" ta samo tushe, wadda ta mayar da kunnen doki a Ƙofar Mata tamkar cin mutuncin gari.

Za a ce mini ai Enyimba da Rangers da Rivers United duk na gwamnati ne, kuma su suka ɗauki kofunan 2022 da 2023 da 2024 a tsakaninsu. Gaskiya ne. Ƙungiyar gwamnati takan yi nasara idan aka dace da gwamna mai son ƙwallo da shugaba mai amana a lokaci guda. Amma a dubi abin da ke biyo baya idan dacen ya wuce. Akwa United ta zama zakara a 2021, ta faɗa rukuni na biyu a 2025. Heartland ɗin da ta fitar da Pillars a 2009 tare suka faɗi a 2022. Nasarar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya mai wa'adin shekara huɗu, wa'adinta ke nan.

Za a kuma ce, kuma wannan ya fi nauyi a wurina, arzikin mai Remo Stars daga kamfanin caca na Bet9ja ya fito, abin da babu mai hankalin da zai so a kawo mana. Na yarda, ba na kuma sha'awarsa. Sai dai abin koyi a wurin Remo tsarinta ne, kuma tsari ba ruwansa da inda kuɗi ya fito. Kano mai Kantin Kwari da Singa da Dawanau ba ta rasa dukiyar halal da za ta riƙe ƙungiyar ƙwallo ba. Ba na kuma cewa Remo ta gama isa: Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta yi mata kaca-kaca a gasar Zakarun Afirka a Oktoban 2025. Kuma mai zaman kansa ma yakan gaji ya watsar. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin ƙasa a 1978, Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1988. Yau sai dai tsofaffi su ba da labarin waɗannan nasarori. Shi ya sa musanya gwamna da attajiri guda ba zai wadatar ba. Abin da ake bukata shi ne ƙungiya mai rajista a matsayin kamfani, mai hannayen jari da magoya baya za su iya saya, mai lissafin da ake bugawa kowace shekara, mai hukumar da zaɓe ba ya taɓa ta.

Naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars a 2025 ya faranta wa mutane da yawa rai, ni ma ina ganin girmansa. Ya taka leda a Leicester, ya ga yadda ake tafiyar da ƙaramar ƙungiyar da ta kunyata manya a 2016. Amma naɗi ne, kuma hannun da ya naɗa shi ke da ikon saukewa.

Mu a Jigawa ba mu da bakin yi wa Kano dariya. Jigawa Golden Stars ta faɗo daga babban rukuni a 2021, kuma ita ma tsarin nan ne ke ɗauke da ita. Duk yamma filayen makarantun firamare a Gagarawa da Gumel da Maigatari cike suke da yara masu buga ƙwallo a rairayi, wasunsu ba takalmi, waɗanda babu wani tsani tsakaninsu da babbar gasa sai na sanayya. Lokacin da kasafin kuɗi na gaba zai zo gaban majalisar jiha a Dutse, ina so 'yan majalisar ƙananan hukumomin nan huɗu su nemi a kawo musu a rubuce: nawa aka kashe wa ƙungiyar jiha a shekaru biyar da suka wuce, 'yan wasa nawa aka sayar, nawa aka karɓa, kuma yara nawa daga masarautar Gumel suka taɓa sa rigarta.