Kafso a kemis ɗin Gangara da gargaɗin Farfesa Okeke

A Gangara, kamar sauran ƙauyukan Jibia, idan zazzaɓi ko gudawa ta kama yaro, kemis ake fara nufa. Uba ya miƙa abin da ke aljihunsa, a ƙirgo masa kafso huɗu ko shida, ja da yalo ko Ampiclox, a ƙulle a leda. Babu wanda ya auna jinin yaron, babu wanda ya san wace ƙwayar cuta ake yaƙa.

Wannan ciniki ne Farfesa Iruka Okeke, masaniyar ƙananan ƙwayoyin cuta a Jami'ar Ibadan, ta shafe fiye da shekara 25 tana nazarin abin da yake haifarwa. A Ile-Ife ta yi karatu, ta koyar a kwalejin Haverford da ke Amurka, sannan ta dawo gida.

A shekarar 2000 ita da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin ƙwayar E. coli guda 758 da aka samo daga bayan gidan ɗalibai 'yan Najeriya. A 1986, tsakanin kashi 9 zuwa 35 cikin ɗari ne suka daina jin tetrasaikilin, amfisilin da wasu magunguna biyu. Zuwa 1998 adadin ya koma kashi 56 zuwa 100. Kuma fa ɗaliban nan lafiyarsu ƙalau. Wato mutum na yawonsa da ƙwayoyin da suka gagari magani a cikin hanjinsa, bai sani ba.

Kada mutumin Gangara ya ce ai Ife da nisa. A wata cibiyar kula da yara masu tamowa a Maradi, binciken da aka wallafa a 2011 ya gano kusan yaro ɗaya cikin uku ya iso ne da ƙwayoyin da ke karya ƙarfin manyan magungunan antibayotik. Hanyar da ta bi ta Magama zuwa Ɗan Issa ita ce ta kai Maradi, ga aure da kasuwa da jinya duk a haɗe. Ƙwayar cuta kuwa ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Abin da ya fi jan hankali a aikin Okeke shi ne inda ta ɗora laifin. An saba a wuraren taro a ce talaka jahili ne, ba ya ƙarasa shan magani. Ita kuwa a littafinta na 2011, Divining Without Seeds, ta nuna cewa babban giɓin shi ne rashin ɗakin gwaji mai aiki a asibitocin Afirka. Likitan da ba shi da gwaji tamkar mai bugun ƙasa ne da babu ƙasa a gabansa, sai dai ya yi canki. Daga canki ake samun "maleriya da taifot" a kan kowane zazzaɓi, a haɗa wa mutum magani uku ko ɗaya zai dace.

Tana da gaskiya. Mahaifin da ya sayi kafso huɗu, kuɗin huɗu gare shi. Inda 'yan bindiga suka sa hanya ta zama abin tsoro, wa zai ɗauki yaro zuwa Katsina don a shuka jininsa a jira kwana biyu ko uku? Wa'azi a rediyo ba zai sauya wannan lissafin ba.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A 2024 Okeke na cikin masanan da suka rubuta a wannan mujalla cewa ruwa mai tsafta, rigakafi da tsaftar asibiti za su iya kare rayuka kusan 750,000 a shekara.

Najeriya na da tsarin yaƙi da matsalar a rubuce tun 2017. Abin da ya kamata gwamnatin Katsina ta amsa shi ne ko babban asibitin Jibia na iya ɗibar jinin yaro, ya gano ƙwayar, ya faɗi maganin da zai ci ta, a kuɗin da manomin Gangara zai iya biya.