Faifan Da Aka Raina

Jama'a, yau zancena a kan waɗansu mawaƙa biyar ne na Ingila, ana ce da su Zombies. Faifansu na biyu, Odessey and Oracle, ya fito cikin 1968, mutanen ƙasarsu ba su kula shi ba. Ni kuwa a ganina ya fi na farko nesa. Na farkon akwai waƙoƙin aro da yawa. Wannan kuwa waƙa 12, dukansu nasu ne, muryoyinsu na tafiya tare kamar zaren saƙa. Cikin 1969 ɗaya daga ciki, Time of the Season, ta game Amurka, amma ina, rashin ciniki ya riga ya watsa su tun 1967. To, malamai, kada mu auna gwaninta da cin kasuwa ɗaya, har gwani ya karaya ya bar sana'arsa.