Itacen Agusta, wa ke shayar da shi a watan Afirilu?

Tun shekarar 1975, zamanin Seyni Kountché, ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a ƙasarmu. Manya su duƙa, su dasa, a ɗauki hoto, a watse. In rani ya tsananta, awaki da ƙishirwa su gama da sauran aikin.

Kada mai karatu ya ɗauka raina dashe muke yi. A kwarin Majiya, cikin jahar Tawa, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 sun karya ƙarfin iska, sun kāre hatsi daga rairayi. Sai dai babbar nasara ba daga gandun renon itatuwa ta fito ba. Tun wajen 1983 manoman jahar Maraɗi, tare da Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostiraliya, suka kama abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke tohon kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi, a sassabe sauran, a yi reno. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka tashi a kan hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram. Dalili a fili yake: saiwa tana nan da ranta a ƙasa, kuma itacen yana da mai shi. Gawo kuwa ya kan zubar da ganye da damina, ya ba gero taki da rana, ya ba dabbobi ƴaƴansa da rani.

Amma a faɗi gaskiya, itace yana da iyaka. Hayaƙin gawayi, man fetur da iskar gas da duniya ta watsa a 2023 ya kai wajen tan biliyan 37, kuma rabon Afirka duka bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Gawon Matamai ba zai shanye hayaƙin masana'antun Sin da Amurka da Turai ba. Sai su rage shi daga tushe. Ga kuma Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007: rahoton 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kawai aka farfaɗo cikin miliyan 100 da aka yi alkawari.

Saboda haka nauyinmu biyu ne. Ma'aikaci ya daina auna aiki da yawan abin da aka dasa. Ya koma fili a watan Afirilu ya ƙirga rayayyu, ya tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena nasa ne. Ɗan kasuwa kuma ya sa jari cikin iskar gas ta girki da murhu mai tsimin itace, domin motar da ke shiga Yamai maƙil da itacen wuta tana rushe aikin shekara goma cikin yini ɗaya.

Dashe na safiya guda ne, reno kuwa na shekaru.